Yadda ɗalibin lise zai bi kwas mai zurfi a intanet ba tare da karatun aji ya zube ba

Tambaya ɗaya iyaye da ɗalibai ke ta maimaita mini, a nan arewacin Kamaru, daga Garwa har Marwa, Ngaundere da Kuseri: yaro ko yarinya na da kai, abin da ake bayarwa a aji bai ishe su ba, an ce akwai darussan manyan jami'o'i a intanet, to ta ina ake kama bakin zaren? Darussan suna nan, da yawansu kuma ba a biyan ko dala. Sai dai masu farawa sun fi masu gamawa yawa nesa ba kusa ba. Data ta ƙare, ko an ɗauke wuta, ko Ingilishin ya yi nauyi, sai a watsar. Wasu kuma su gama kwas ɗin amma makinsu na aji ya faɗi, wannan kuwa ya fi ciwo. Ga yadda nake ba da shawara a bi abin daki-daki. Da ɗalibi nake magana, mace ko namiji, amma iyaye ma su karanta, domin akwai wuraren da sai da hannunsu.

1. Fara da takardar sakamako

Kafin ka taɓa waya, ɗauko takardar sakamakonka ta zango biyu da suka wuce, ka dubi makin darasin da kake son zurfafawa.

Idan kana ƙasa da 10 bisa 20, ba kwas mai zurfi kake buƙata ba, gyaran tushe kake buƙata. Ma'aikatar ilimin sakandare, MINESEC, tana da darussan koyo daga nesa da ta fara fitarwa a 2020, suna shafinta da kuma YouTube, kuma manhajar Kamaru suke bi aji-aji, da Faransanci da Ingilishi. Can za ka fara. Idan kana tsakanin 10 da 13, ka zurfafa a babin da ake yi a aji yanzu, kar ka tsallaka gaba. Daga 14 zuwa sama, kuma sauran darussanka ba sa rawa, to hanya a buɗe take. Wannan ma'aunina ne, ba dokar kowa ba, amma ban ga dalilin sassauta shi ba.

Sannan dubi ajin da kake. Troisième na da BEPC, Première na da Probatoire, Terminale na da Bak. Seconde ce kaɗai a cikinsu ba ta da jarrabawar ƙasa, shi ya sa ita ce shekarar da ta fi dacewa. Masu bin ɓangaren GCE, naku Form 4 ne da Lower Sixth. Dogon hutun Yuli da Agusta kuwa na kowa ne.

*Hattara:* ɗan Terminale da ya ɗauki kwas mai nauyi a tsakiyar shekara yana wasa da Bak ɗinsa. Ya jira hutu.

2. Zaɓi kwas ɗaya tak

A nan mafi yawa ke tuntuɓe. Rajista kyauta ce, sai yaro ya shiga kwas biyar a dare ɗaya, bayan wata guda babu wanda ya wuce satin farko. Taura biyu ba ta taunuwa. Rubuta a takarda, cikin jimla ɗaya, abin da kake so ka iya nan da wata uku, sannan ka nemi kwas ɗin da ya dace da jimlar.

Idan lissafi ne ko fizik: Khan Academy kyauta ce gaba ɗaya, tana da sashen Faransanci, kuma atisayenta na nuna maka nan take inda ka yi kuskure. Darussan Yvan Monka a YouTube, da shafinsa Maths et tiques, gajeru ne kuma a fili suke. GeoGebra na zana maka aikin lissafi ka gan shi da ido. PhET, na Jami'ar Colorado da ke Amurka, na kwaikwayon gwaje-gwajen fizik da kimiyyar sinadarai, abin da ke da amfani sosai ga wanda lise ɗinsu, wato makarantar sakandarensu, ba ta da ɗakin gwaji mai kaya. Ɗan seri C, ɓangaren lissafi da fizik, da ya riga ya ƙware, ko wanda ya shiga shekarar farko a jami'ar Ngaundere, Marwa ko Garwa, zai iya gwada MIT OpenCourseWare, inda ake samun laccoci da tambayoyi da amsoshinsu, amma da Ingilishi, kuma ba a ba da takardar shaida.

Idan rubuta manhajar kwamfuta ne: ni France-IOI nake fara nuna wa yaro. Da Faransanci yake, kyauta ne, kusan duk rubutu ne da atisaye, saboda haka ba ya cin data. OpenClassrooms na da kwasa-kwasan Python, wani harshen rubuta manhaja, da na gina shafin intanet da ake karantawa kyauta. CS50 na Jami'ar Harvard ya fi su suna, ya kuma fi su wuya: yana farawa da Scratch, ya shiga C, sannan Python da SQL, kowace lacca tana kai wajen awa biyu da Ingilishi. Kwas ne mai kyau ƙwarai, amma ba shi ne na farko ba ga wanda bai taɓa rubuta layi ɗaya ba kuma ba shi da kwamfuta a kusa.

Idan Ingilishi ne: LearnEnglish na British Council, da BBC Learning English, da VOA Learning English. Wanda Ingilishinsa ke da rauni, wannan ya kamata ya zama kwas ɗinsa na farko, domin shi ke buɗe masa sauran.

Idan kana so ka ɗanɗana karatun jami'a kafin ka zaɓi fanni: FUN MOOC, dandalin jami'o'in Faransa da aka buɗe a 2013, yana da kwasa-kwasai da aka shirya musamman don 'yan lise masu shirin shiga jami'a. Coursera da edX na da dubbai, amma yawancinsu Ingilishi ne, kuma ba ko'ina ne kyauta ba. Za mu zo kan wannan.

*Hattara:* manhajar lise ta Faransa ba ɗaya take da tamu ba. Su sun soke tsarin seri ɗinsu na da, mu kuwa har yanzu muna da A, C da D. Babin barycentre da ake yi a Première a nan ba lallai ka same shi a jerin darussansu na yanzu ba, nombres complexes kuma a can darasin zaɓi ne. Saboda haka nemi darasi da sunan babi, ba da sunan aji ba. A ranar jarrabawa kuma, hanyar da malaminka ya koya maka ta rubuta amsa ita za ka bi.

3. Karanta shafin farko na kwas ɗin

Minti goma ne, amma yana ceton wata guda. Abu huɗu kake nema: abin da ake so ka riga ka sani, awoyin da ake buƙata a sati, harshen bidiyo da ko akwai rubutun ƙasa da Faransanci, da kuma ko kwas ɗin na da ranar rufewa ko a buɗe yake kullum. Awoyin da suka rubuta, ka ƙara rabinsu a kai, idan kuma da Ingilishi ne ka ninka. Kwas ɗin da ya ce awa 3, a wurinka awa 5 ne ko 6. Lokacin makaranta kar ka ɗauki wanda zai ci maka fiye da awa 5 a sati. Kwasa-kwasan FUN da yawa suna tafiya da zango, idan an rufe rajista sai ka jira a sake buɗewa.

4. Haɗa kayan aiki

Wayar Android mai ɗan sarari ta isa ga lissafi, kimiyya da harshe. Sa mata katin memori na giga 32 ko fiye, ka gwada shi a gaban mai sayarwa ta hanyar zuba masa manyan fayiloli ka sake buɗe su, domin na jabu sun yi yawa a kasuwa: suna nuna giga 64, amma bidiyon da ka adana sai ya ƙi buɗuwa. Sai abin sauraro na kunne, mai waya ya fi, tunda ba ya buƙatar caji. Sai batirin ajiya, ko ƙaramin faifan sola mai bakin USB. Sai babban littafin rubutu mai shafi 200 wanda ba za a rubuta komai a ciki ba sai wannan kwas ɗin, da biro kala biyu. Littafin nan shi ne mafi arha a jerin, kuma shi ne mafi muhimmanci.

Mai koyon manhaja zai iya fara Python a waya da Pydroid 3. Idan ya sayi ƙaramar igiyar OTG ya haɗa allon madannai na kwamfuta, ko na hannu ne, aikin zai yi masa sauƙi sosai. Bayan wata biyu ko uku dai sai ya buƙaci kwamfuta ta gaske. Kafin a saya, a nemi izinin amfani da ɗakin kwamfuta na lise, ko ta wani yaya, ko a ware awa biyu a sati a shagon intanet.

Ga iyaye: kar ku sayi kwamfuta a matsayin matakin farko. Ku bari yaro ya gama kwas ɗaya a waya tukuna. Idan ya gama, kun san kuɗinku ba zai tafi a banza ba.

*Hattara:* an hana shiga lise da waya, malamin ladabtarwa kuma ba zai saurari cewa darasi ne a ciki ba. A gida take zama.

5. Buɗe imel, yi rajista

Buɗe imel naka na kanka, da sunanka na gaskiya, ba laƙabin da abokai ke kiranka da shi ba. A wurin rajistar kwas, rubuta suna daidai yadda yake a takardar haihuwarka, harafi da harafi. Idan Aboubakar ne a takarda, kar ka rubuta Abubakar, idan Aïssatou ce kar ki rubuta A'isha. Sunan da aka sa shi zai fito a takardar shaida, gyara shi daga baya kuma wahala ne.

Rubuta kalmar sirri a bangon littafinka na ciki ko ka ba mahaifiyarka ta ajiye. Lambar wayar da ka haɗa da imel ta zama wadda ba za a bari ta mutu ba. Yawancin dandalin nan ba sa karɓar wanda bai kai shekara 13 ba shi kaɗai. A Khan Academy uba ko uwa na iya buɗe wa ƙaramin yaro asusu a ƙarƙashin nasu, su riƙa ganin abin da yake yi.

*Hattara:* idan a shagon intanet ka yi rajista, ka fita daga asusunka kafin ka tashi. Kar kuma ka bar mai shago ya buɗe maka da imel ɗinsa, domin ranar da kuka rabu, kwas ɗin ya tafi da shi.

6. Lissafa data, sauke darasi tun kafin ka buƙace shi

Nan ne ainihin kuɗin yake. Bidiyo ke cin data, kuma abin da yake ci ya dogara da ingancin hoton da ka zaɓa. A 360p, awa ɗaya na cin wajen mega 300. A 720p yana iya kai giga ɗaya ko ya wuce. Rubutun allo na karantuwa a 360p, idan ƙanana ne ka hau 480p, babu dalilin wuce nan.

Yi lissafin da biro. A ce kwas na sati 6, kowane sati bidiyon awa 2: awa 12 ke nan, sau mega 300, giga 3.6. Ƙara giga ɗaya na atisaye da takardun PDF, ka ga kusan giga 5 na kwas ɗin gaba ɗaya. Da wannan adadin za ka kwatanta forfe, wato ƙunshin data, na Orange, MTN da Camtel a ranar da za ka saya, domin farashi da garaɓasa suna canzawa. Kuma kafin ka zaɓi layi, gwada wanda ya fi ƙarfi a cikin ɗakin da za ka zauna, ba a bakin titi ba. A unguwa ɗaya ma layi na iya kamawa a wannan gida ya ƙi a na gaba.

Kar ka kalli darasi kai tsaye. Sauke na sati guda a zama ɗaya, sannan ka kashe data. Manhajojin Khan Academy da Coursera suna da maɓallin saukewa, YouTube ma yana bari a ajiye wasu bidiyoyi a cikin manhajarsa, sai dai lokaci-lokaci yana so a haɗa shi da intanet don kar su ɓace. A FUN sau da yawa akwai wurin sauke bidiyo da rubutaccen bayaninsa a ƙasa. Forfen dare ya fi arha, kuma layi ya fi sakewa a lokacin: jera abin da za a sauke, ka sa waya a caji, ka kwanta. Idan kuna uku kuna bin kwas ɗaya, mutum ɗaya ya sauke abin da aka yarda a sauke, sauran su karɓa ta Xender ko Bluetooth, a raba kuɗin. Kiwix kuma na ba ka damar ajiye Wikipedia a waya ka karanta ba tare da layi ba. Masu zama kusa da harabar jami'ar Ngaundere a Dang su tambayi sharuɗɗan cibiyar intanet ta AUF, ƙungiyar jami'o'in da ke amfani da Faransanci, da ke can, na Garwa kuma su leƙa laburaren Alliance Française.

*Hattara:* kafin ka kunna data, shiga saitin waya ka hana Play Store sabunta manhajoji da kansa, ka hana WhatsApp sauke hotuna da bidiyon zaure da kansa. Forfen da aka saya don karatu yana iya ƙarewa cikin dare ɗaya ba tare da an buɗe darasi ko ɗaya ba.

7. Yi shirin wuta da zafi

Wutar arewa ta daɗe tana dogaro da madatsar Lagdo da ke kan kogin Binuwai. Idan rani ya yi nisa ruwa ya ja baya, ɗauke wuta na ƙaruwa, ko da yake tashoshin sola na Marwa da Gidar sun rage nauyin. Saboda haka duk lokacin da wuta ta zo, waya da batirin ajiya su fara shan caji kafin komai. Daga Maris zuwa Mayu zafi na haura digiri 40 a Garwa da Marwa. Kar ka riƙa kallon bidiyo waya na caji da tsakar rana, batirin na iya kumbura. Cire mata riga, ka ajiye ta a inuwa, ba ƙarƙashin matashi ba.

8. Yanka lokaci, a sanar da gida

Zama uku a sati ya isa lokacin makaranta. Laraba da yamma, tunda ana tashi da wuri. Asabar ko Lahadi bayan sallar asuba, kafin rana ta yi zafi kuma kafin a fara aike. Sai dare ɗaya bayan isha'i. Kowane zama minti 45 zuwa awa ɗaya da rabi. Aikin gida na lise shi ke gaba, Islamiyya kuma ba a taɓa lokacinta. A watan azumi rage zuwa zama biyu, bayan sahur ya fi.

Rubuta jadawalin ka manna a bango, sannan ka je ka sami mahaifinka ka ce: "Baba, ga kwas ɗin da nake son yi, ga ranakun, ga abin da data za ta ci, zan riƙa nuna muku littafin duk Juma'a." Wannan ya fi muhimmanci ga 'ya'ya mata, domin a gidajenmu yarinyar da aka ga ta daɗe a kan waya da dare ana saurin yi mata mummunan zato, ga kuma aikin gida da ke jiranta. Ki yi karatun a tsakar gida ko a ɗakin Mama, inda kowa ke ganin allon. Ku kuma iyaye, idan kun amince da jadawalin, ku kare mata awar nan kamar yadda za ku kare wa ɗan'uwanta. Kar a tashe ta wanke-wanke a tsakiyar darasi.

Idan kwas ɗin na da zama kai tsaye da agogon Faris, ku tuna daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba suna gabanmu da awa ɗaya, sauran watanni kuma agogonmu ɗaya. Inda aka rubuta wa'adi da UTC, wato agogon duniya na GMT, mu muna gaba da awa ɗaya.

9. Yadda ake zaman kansa

Kallon bidiyo ba karatu ba ne. Malamin da ke cikin waya ya iya bayani, komai sai ya zo maka da sauƙi, ka tashi kana jin ka gane, washegari a ba ka tambaya ka rasa ta inda za ka fara. Ga abin da ke hana haka.

Sa waya a yanayin jirgin sama, ka jingine ta a gabanka, littafi a buɗe. Shafin hagu na bayani ne, na dama na atisaye. Rubuta kwanan wata da sunan darasi a sama. Kunna bidiyon. Da malamin ya rubuta tambaya a allo, tsayar da shi kafin ya fara warwarewa, ka gwada da kanka a shafin dama ko da minti uku ne. Sannan ka sake shi, ka kwatanta. Inda hanyarku ta rabu, ja layi da jan biro, ka rubuta a gefe abin da ya sa. Idan bidiyon ya ƙare, kifa wayar, ka rubuta abin da ka riƙe cikin layi biyar da bakinka, ko da Hausa ne. Bidiyon minti 12 zai ci maka minti 40 ta wannan hanya, kuma haka ya kamata.

Shafuka goma na ƙarshen littafin ka ware su ga kalmomi: ta Ingilishi, ta Faransanci kusa da ita, sai misali. Idan malamin na sauri, rage gudun bidiyo zuwa 0.75, ka kunna rubutun ƙasa.

Atisaye da gwajin ƙarshen sati ba a tsallake su. Idan lokaci ya ƙure, gara ka bar bidiyo ɗaya ka yi atisaye da ka kalli uku ba ka taɓa biro ba.

*Hattara:* mu a aji 3,5 muke rubutawa da waƙafi. Dandalin Ingilishi 3.5 yake so da ɗigo, Python ma haka. Yaro zai yi lissafi daidai, na'ura ta ce ya faɗi, ya sake yi har ya fara shakkar kansa, alhali waƙafi ne kawai. Haka kuma allon madannai na Faransanci da na Ingilishi ba wuri ɗaya haruffa da alamominsu suke ba, idan kalmar sirri ta ƙi shiga a wata kwamfuta, fara duba nan.

10. Idan ka maƙale

Za ka maƙale, yawanci a sati na uku ko na huɗu, lokacin da ɗokin farko ya wuce kuma darasin ya fara tauri. Ba wa tambaya zama biyu. Idan ta ƙi, duba zauren tattaunawar kwas ɗin, da wuya a ce kai ne na farko da ta kayar. Idan ba ka samu ba, ɗauki littafin ka je wurin malaminka bayan darasi: "Malam, ina bin wani kwas a kan wannan babin, ga inda na kai, ga inda na tsaya." Malamin da ya ga shafi cike da ƙoƙari da wuya ya kore ka. Abin da malamai ba sa so shi ne yaro ya miƙe a tsakiyar aji ya ce a intanet ba haka aka ce ba. Wannan rashin ladabi ne, kuma sau da yawa hanyoyin biyu duk daidai ne.

Abokan tafiya biyu ko uku suna taimakawa, ku haɗu sau ɗaya a sati kowa ya yi wa sauran bayanin abu ɗaya. Zauren WhatsApp mai mutum hamsin kuwa hira ce za ta cinye shi.

Manhajoji irin su ChatGPT na iya sake maka bayani ta wata hanya, amma suna yin kuskure a lissafi kuma su faɗe shi da cikakken tabbaci. Tambaye su dalilin mataki, kar ka ba su aikinka su yi maka. Kwafin amsa, daga gare su ko daga wani, ya saɓa wa ƙa'idar dandalin, ana iya soke takardar mutum a kansa, ga shi kuma bai koyi komai ba.

11. Takardar shaida da maganar kuɗi

A fahimci wannan da kyau, musamman iyaye: takardar kwas ɗin intanet ba ta maye gurbin Probatoire ko Bak, ba ta ƙara maki a lise, kuma ba ita za ta shigar da yaro Polytechnique ta Marwa, ENSAI ta Ngaundere ko makarantar likitanci ta Garwa ba. Waɗannan da konkur, wato jarrabawar gasar shiga, ake shigarsu. Abin da kwas ɗin ke ba shi shi ne ƙarfin da zai zauna konkur ɗin da shi. Takardar na iya amfani daga baya, wajen neman tallafin karatu ko aikin kwamfuta, amma ɗan lise ba ya buƙatar biya don ita.

CS50 na ba da takardarsa kyauta ga wanda ya samu aƙalla kashi 70 cikin 100 a kowane aiki da kuma aikin ƙarshe. Wadda ake biya ta edX daban ce. A edX, wurin rajista zaɓi hanyar kyauta, wadda ke ba ka darussa na wani lokaci ba tare da takarda ba. A Coursera wasu kwasa-kwasan a buɗe suke, wasu kashin farko kawai ake gani kyauta, biyan wata kuma yakan kama dalar Amurka gommai. Don ka san nauyin abin: yuro ɗaya sefa 655.957 ne, ba ya motsi, saboda haka kwas na yuro 50 ya kusa sefa 32,800, ban da abin da banki zai cire.

Idan lallai kana son kwas na biya a Coursera, nemi tallafin kuɗi. Mahaɗinsa na kusa da maɓallin rajista a kwasa-kwasan da ke da shi. Za a tambaye ka halin da kake ciki da dalilin son kwas ɗin. Faɗi gaskiya da kalmominka: ɗan lise ne kai a arewacin Kamaru, ba ka da albashi, ga abin da kake son yi da ilimin. Amsa takan ɗauki kimanin sati biyu, kuma kar ka shiga gwajin kyauta kana jira, domin yana soke buƙatar.

*Hattara:* gwajin kyauta na kwana 7 yana neman lambar katin banki, idan kwanakin suka cika ba ka soke ba sai a fara cirar kuɗi duk wata. Kar a sa katin albashin Baba. Idan dole ne, a yi amfani da katin Visa irin wanda ake zuba masa kuɗi tukuna, a zuba daidai abin da za a biya.

*Hattara kuma:* duk wanda ya turo saƙo a WhatsApp ko Facebook cewa ka tura kuɗin rajista ta Orange Money ko MoMo zuwa lambar wani mutum don samun takardar Harvard ko tallafin karatu a Kanada, ɓarawo ne. Manyan dandalin nan ba sa karɓar kuɗi ta lambar mutum, kuma babu mai hurumin tambayar lambar sirrin asusunka.

12. San lokacin dakatawa

Sati guda kafin kowace jarrabawar zango, ajiye kwas ɗin. Idan kana ajin jarrabawar ƙasa, ajiye shi gaba ɗaya daga hutun Ista, ka koma kan tsofaffin tambayoyin BEPC, Probatoire ko Bak har a gama. Idan kuma takardar sakamako ta fito ka ga matsakaicin makinka ya sauka da maki ɗaya ko fiye, dakata zango guda ko da kwas ɗin na maka daɗi.

Kafin ka rufe littafin, rubuta a shafin da ka tsaya lambar darasin, abin da ya rage maka, da ranar da za ka dawo. Soke duk wani biyan wata da ke gudana. Kwafe bidiyoyi da takardun da ka sauke zuwa katin memori, idan kuma ka riga ka samu takardar shaida, sauke ta a PDF, ka tura wa kanka ta imel, ka buga kwafi ɗaya a ajiye tare da takardar haihuwarka.